Agogon Kaka

Ranar Lahadi

Zuwa ga 'yata, Malama Nas,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya kamar yadda ta bar mu. Yaya karatu, yaya baƙunta, yaya kuma gadon nan na ɗakin ɗalibai da kika ce yana kuka duk juyin da kika yi? Mu nan kowa lafiya, in ban da gwiwata ta hagu, wadda ta ɗauko halin mai ita, ba ta jin magana.

Kin ce in riƙa rubuto miki labarin gida, tunda wayarki a kashe take wuni in kuna wajen marasa lafiya, in kin kira da yamma kuma muryarki ma gyangyaɗi take yi. To ga shi na fara. Direban motar asibitinku ya ce zai riƙa biyowa yana karɓa. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji huɗu na sauka daga motar boko, kuma biron ma na mijinki ne.

'Yarki tana nan ƙalau. Sunan Alƙaliya da na laƙaba mata bai faɗi ƙasa banza ba, domin makon nan shari'ar kaya ta buɗe mana a gida. Malamarsu ta Turanci ta fara koya musu yadda ake cewa abu na wane ne. Mu dai a Hausa abin ne ke ɗaukar alama, mu ce kujerar Baba, kofin Mama. Su kuwa wai mai abin ake fara rubutawa, sai a ɗauko waƙafi, a hana shi zama a ƙasa inda aka san shi, a rataye shi can sama a ƙarshen sunan, a bi shi da harafin s, sannan a kawo abin. Na ce mata ai mu ma muna da shi, ga shi nan har biyu a cikin 'ya'ya. Ta dube ni kamar na zubar da miya, ta ce wancan aikinsa daban, na Malama na mallaka ne, kuma yanzu na mutum ɗaya suke koyo, in masu abu sun yi yawa wannan sai wani zango. Ni dai na sa masa suna ƙugiya, tunda a nan mai kaya ke rataye kayansa.

Aikin gida shi ne ta yanka takardu ta manna wa kayan gida sunan masu su. Da kin ga falonki da kin rantse shago ne. Kujerar ubanta ta samu, rediyo ya samu, madubinki da akwatin zarenki sun samu. Kyanwar maƙwabta da ke kwana a barandarmu ma an manna mata, ta gudu da ƙugiyarta a baya. Mijinki kuwa, bawan Allah, ya wuni a ofis da takarda a bayan kwat ɗinsa, sai da zai tashi aiki masinja ya cire masa.

Amma akwai kashi na biyu. Ranar Alhamis kowane yaro zai kai abu ɗaya na mutum ɗaya daga gidansu, ya ɗora a tebur da katinsa, ya ba da labarinsa a gaban aji. Alƙaliya ta ce ni ta zaɓa. Ta shigo ɗakina da kati, ta riga ta rubuta Kaka, ta rataya ƙugiya, ta sa s, ta bar fili. Ta taɓa gado, na ce na baƙi ne. Kofi naki. Fitila ta ubanta. Tabarau ɗina ma tsohon naki ne aka sauya wa gilashi. Ta buɗe jakar da na zo da ita, tufafi ne da magani, Malama kuma ta ce ban da tufafi, ban da magani, ban da abin yanka. Kin san da zan taho wajenku na rarraba wa dangi kayan gidana, na ce ina amfanin jan tukwane zuwa hawa na uku.

Sai ta tsaya a tsakiyar ɗaki da katin a hannu ta ce, "Kaka, ke ba ki da komai ne?" Da rashin kunya ta faɗa da na sami na mayar mata. Da tausayi ta faɗa, shi ya sa ya shige ni.

Kin san uwarki ba a ƙure ta. Kin tuna shagon Mai Agogo na ƙasan benenmu, tsakanin mai aski da mai sayar da lemo? A tagarsa akwai ɗan agogon tebur mai ƙararrawa biyu a ka, an zana kaza da 'yan tsaki a fuskarsa, kan kazar yana sauka yana tashi kamar tana cin tsaba. Kullum in za mu makaranta sai 'yarki ta manna hanci a gilashin. Sai na gyara zama na ce wa ya gaya mata ba ni da komai, ai wancan agogon nawa ne. Wani direban jirgin ƙasa ne ya ba ni ina budurwa, mai gashin baki kamar tsintsiya. In ya zo wucewa ta bayan gidanmu sai ya yi ta busa har karnukan unguwa su watse. Ya ce in aure shi, na ce ba na auren mutumin da ba ya iya juyawa sai inda ƙarfe ya kai shi. Ya yi kuka har hawayensa suka kashe wutar injin. Ta ce to me ya kai agogon shago? Na ce kazar ce ta cika ci, na gaji, na ba Mai Agogo ajiya ya ci gaba da ciyar da ita.

Ta yi dariya har tana dukan katifa. Da ta nutsu ta ce da gaske nawa ne? Na ce ta taɓa jin na yi ƙarya? Shi ke nan na wanke kaina, ta fita tana tsalle. Kafin Alhamis zan lallaɓa ta ta ɗauki madubinki.

Ki riƙa cin abinci. Mijinki na gaishe ki, Alƙaliya ta ce in ce ki dawo da alawa.

Mahaifiyarki,
Inna


Ranar Juma'a

'Yata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta abokan karatunki. Kowa a nan yana kan ƙafarsa, kada ki firgita. Jiya da kika kira na ce miki lafiya lau na miƙa wa mijinki waya da sauri, na san kin lura. Abin da bakina ya kasa ɗauka shi zan ɗora wa biro.

Na manta da maganar madubi. Jiya da safe gwiwa ta tashi, na ce yarinya ta bi 'ya'yan maƙwabta zuwa makaranta. Ina zaune a bakin gado ina shafa man zafi, ta leƙo da jaka a baya ta ce ko ta ɗauki agogona ta kai aji. Ni a zatona wasanmu ne ya ci gaba. Na ce, "Ɗauki mana, ba kayana ba ne? Ki ce wa Mai Agogo mai kaza ce ta aiko ki." Na ɗauka za ta shiga ta faɗa, ya yi dariya, ya ba ta alawa ya kore ta.

Ashe ya buɗe shago ya tsallaka titi shan shayi. Ta yi sallama, ba amsa. Ta ɗan jira, yara na kiran ta za su makara. Sai ta miƙa hannu a taga ta ɗauko. Ba ta ɓoye ba. Da hannu biyu ta riƙe shi a ƙirji, a gaban idon kowa, har makaranta. Me zai sa ta ɓoye kayan kakarta?

Da rana gwiwa ta ɗan sake ni, na je ɗauko ta. Tun daga ƙofar makaranta na hango ta tafe, agogo a hannu, kati a manne a jikinsa, an cike filin nan da aka bari. An manna mata tauraro a riga. Ta ce ta ba da labarin direban jirgi, aji duka ya tafa, Malama ta ce ƙugiyarta ta zauna daidai inda ya kamata. Na ce ta kawo in riƙe mata a ƙarƙashin mayafi, nufina in lallaɓa in mayar ba wanda ya gani. Ta ce a'a, ita za ta mayar da hannunta, ta kuma yi masa godiyar ciyar da kaza.

Muna shigowa layinmu na ga mutane a ƙofar shagon. Mai Agogo ya sauke komai daga kan kanta, gumi ya jiƙa masa riga. Ashe agogon ma ba nasa ba ne. Wata mata ce ta kawo gyara, na marigayi mahaifinta ne, kuma jiyan ta zo karɓa. Tana tsaye jikin motarta ta harɗe hannu. Mai aski ya nuna mu da almakashi ya ce ga su nan, shi ya ga yarinyar da idonsa da safe.

Mai Agogo bai ɗaga murya ba, in ba shi haƙƙinsa. Ya sunkuya ya ce, "'Yar gidan sama, wa ya ba ki wannan?" Ta ɗaga kai ta ce, "Na Kaka ne. Ajiya ta ba ka. Ita ta ce in ɗauka."

Ido ya dawo kaina. Matar nan ta dube ni tun daga silifa har ɗankwali. Wani daga baya ya yi dariya. Mai Agogo ya ce, "Iya, naku ne?"

'Yata, da a ce na yi dariya na ce tsohuwar banza ce ta yi wa jikarta tatsuniya ta wuce gona da iri, da an yi min tsiya na kwana biyu an manta. Amma ka ga mai tsokana, to shi ne ba ya son a yi masa dariya, wanzami ba ya son jarfa. Sai na ji bakina yana cewa, "Ni? Ina na ga agogo? Ku rabu da yaran zamani. Ni ban taɓa cewa ta ɗauki kayan mutane ba." Ban tsaya nan ba. Na karɓe agogon daga hannunta, na ɓare katin na dunƙule shi, na miƙa wa matar ina ba ta haƙuri a madadin yarinya.

Alƙaliya ta ɗaga kai ta dube ni. Ba ta yi kuka ba. Da ma kukan ta yi. 'Yan ajinsu biyu da ke layinmu suna tsaye suna kallo.

Mijinki ya ji labari tun daga bakin titi kafin ya hau bene. Ya zaunar da ita a falo ya tambaye ta, ta sake faɗa sau ɗaya cewa Kaka ce ta ce. Ya juyo, kai a sunkuye yadda ya saba, ya ce, "Inna, ko kun san yadda aka yi?" Falon nan ba matar mota, ba mai aski, ba kowa sai mu uku. Na gyara mayafi na ce uhm, yara ke nan. Ya yi mata faɗa irin wanda ban taɓa ji daga bakinsa ba, cewa ɗaukar kayan mutane laifi ɗaya ne, ɗora wa babba laifi na biyu. Ya kai ta ƙasa ta ba Mai Agogo haƙuri. Ina zaune ina ji, ban hana ba.

Ina roƙon ki abu ɗaya, kada ki gaya wa mijinki a waya. Ki bar ni in faɗa da bakin da ya ɓata.

Wadda ba ta san da idon da za ta dube ki ba,
Inna


Ranar Talata

'Yata,

Ina gaishe ki, ina yi miki fatan nasara a jarrabawar da kika ce za ku yi. Allah ya ba da sa'a. Na gode da ba ki yi min faɗa ba da kika kira. Cewa kawai kika yi, Inna ke kika san abin yi. Da zagina kika yi da na fi samun barci.

Ga halin da ake ciki. Labari ya riga ta zuwa aji. Yanzu ɓarauniyar kaza suke kiran ta, in ta wuce sai su yi kukan kaza a bayanta. Kin san ita ke riƙe akwatin fensiran aji, ita ke rabawa da safe ta tattara in an tashi, kuma kin san yadda take ji da wannan muƙami. Malama ta ba wata yarinya, wai har sai magana ta fito fili. Ban ga laifin Malama ba, ita ma an ba ta labari a gaban aji ta manna tauraro a kan ƙarya. Duk wannan ba daga bakin 'yarki na ji ba, uwar 'ya'yan maƙwabta ce ta tare ni a matakala tana yi min jaje, wai Allah ya shirya mana. Na amsa da amin, kin ji rashin ta ido.

A gida kuwa ladabi take kashe ni da shi. Yarinyar da ke faɗo min a gado da safe tana cewa tsohuwa tashi rana ta yi, yanzu sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ina kwana, an tashi lafiya, kamar baƙuwa ce ta zo daga nesa. Ta bi gida ta ɓare takardun nan duka, ta zuba a kwandon shara. Aikin gida a ɗakinta take yi, ƙofa a rufe. Na sayo mata alawa, ta karɓa da hannu biyu, ta gode, ta ɗora a kan firij. Tana nan har yanzu, tururuwa na shawara a kanta. Na gwada fara labarin ɓeran da ya shiga makarantar koyon tuƙi, ta ce tana da karatu.

Ni kuma tun ranar ban iya bin ƙofar shagon ba, ta ɗaya gefen titi nake zagayawa da gurguwar gwiwata. Ko ƙarar agogon bangonmu na ji sai gabana ya faɗi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Jiya dai na daure na shiga. Yana zaune da gilashin nan a ido ɗaya yana tonon cikin wani agogon hannu. Na gaya masa komai. Bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Iya, ai na sani. Ranar Litinin ɗin can kuna tsaye a tagar nan ina jin ku kuna ƙara wa direban jirgin gashin baki." Na ce to me ya sa bai faɗa ba a gaban mutane? Ya ce shi wane ne da zai ƙaryata uwar mutane a bakin titi? Jira yake in faɗa da kaina. Ya ce shi ya yafe, agogo ya koma ga mai shi, amma ba shi na yi wa ba.

Da yamma na kira mijinki ɗakina. Ban taɓa jin nauyin harshe irin na jiya ba. Ya saurara har na gama, yana kallon tabarma. Ya ce, "To, Inna." Ya tashi ya shiga ɗakin 'yarsa, na ji shi yana ba ta haƙuri, babban mutum da shi. Sannan na bi bayansa na tsaya a ƙofa na ce, Alƙaliya, na yi laifi, ki yafe wa tsohuwarki.

Tana kan tebur tana feƙe fensir. Ba ta juyo ba ta ce, "A gaban mutane kika faɗa, Kaka. Yanzu kuma a hankali kike faɗa."

Mijinki ya ce zai rubuta wa Malama takarda, ko ya biya ofishinta ya yi bayani, ba sai na wahalar da ƙafata ba. Yana so ya rufa min asiri ne, Allah ya yi masa albarka. Amma takarda ba ta hana yara kukan kaza. Na ce ya bari. Na goge tufafin da nake fita unguwa da su, na rataye su a bayan ƙofa. Tun ɗazu nake kallon su, suna kallo na.

Ki sa ni a addu'a.

Mahaifiyarki,
Inna


Ranar Alhamis

'Yata abin alfaharina,

Sallama da gaisuwa, da fatan kin fito jarrabawa lafiya kuma kin samu kin huta. Gwiwa da sauƙi. Sauran jikin ne dai ya sha kashi ba tare da an taɓa shi ba.

Jiya na je. A hanya tana gaba ina baya, jakarta a bayanta, ta ƙi ba ni in riƙe. Da ta ga ban tsaya a ƙofar makaranta ba sai ta waigo sau ɗaya, ta ci gaba da tafiya. Na sami Malama a baranda da tulin littattafai. Yarinya ce ƙarama, ba ta kai ki ba. Da na fara bayani ta ce mu shiga ofis mu zauna. Na ce a'a 'yata, a kasuwa na zubar, a kasuwa zan kwashe, ki ba ni aron ajinki. Ta dube ni ta dube ni, sannan ta buɗe min ƙofa.

Suka miƙe gaba ɗaya suka rera min gaisuwa da Turanci. An ba ni kujera, na ga in na zauna a kanta sai an kira masu ɗaga kaya kafin in tashi, na ce zan tsaya. A allo ga darasinsu nan, sunaye a jere, kowane da ƙugiyarsa a sama. A jikin bango an jera katunan ranar Alhamis ɗin can. Akwai gurbi ɗaya da ba komai sai alamar gam.

Ni da na saba in na buɗe baki yara su yi tsit don daɗi, jiya muryata rawa take kamar ta akuya. Na ce musu ni ce kakar wance. Agogo mai kaza ba nawa ba ne, ban taɓa mallakar sa ba. Babu wani direban jirgi. Ni na ce mata nawa ne, ta tambaye ni da gaske na ce da gaske. Ni na ce ta ɗauka. Da mutane suka taru kuma tsoron dariya ya kama ni, na ce ban ce ba, alhali na ce. Jikata ba ta saci komai ba, aike na yi mata ta je. In akwai wanda za a yi wa kukan kaza, ga ni tsaye.

Sai wani mai faffaɗan kunne ya ɗaga hannu ya ce, "To Kaka, ke ce ɓarauniyar ke nan?" Malama ta daka masa tsawa, na ce ki bar shi, tambaya ce mai kyau, ni maƙaryaciya ce, wannan ma ya isa. Wata ta ce za a yi min horon shara? Wani ya ce shi dai abin da yake so ya sani, kazar tana cin abinci ko ba ta ci. Da na ce ba ta ci, sai da na ga ransa ya ɓaci. Sai wata 'yar firit a layin gaba, mai haƙora biyu a cire, ta ce, "Malama, in za a rubuta laifin Kaka da Turanci, a sa masa ƙugiya?" Ashe sunan da na raɗa ya shiga aji tun makon jiya. Malama ta danne dariya da littafi ta ce eh, a sa. Na ce a sa masa biyu ma. Yarinyar ta ce a'a, ɗaya ake sawa. Aji ya kwashe da dariya, kuma ni ake yi wa. Na tsaya na sha ta har ƙarshe. Ba ta kashe ni ba, 'yata. Wannan ce dariyar da na sayar da jikata don in kauce mata.

Malama ta ɗauko akwatin fensira da kanta ta ajiye a gaban Alƙaliya, ta ce ita ma ta yi saurin yanke hukunci. Duk wannan abin 'yarki ba ta ɗago ba, tana kallon tebur, kunnuwanta kamar za su yi wuta. Ta dai jawo akwatin ta buɗe ta shiga duba fensiran ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan ban wuce gida ba. Na tsaya wajen mai aski, yana tsakiyar yi wa wani gyaran fuska, na maimaita. Na maimaita wa mai lemo. Na hau bene na buga wa uwar 'ya'yan maƙwabta ƙofa na mayar mata da jajen da ta yi min. Matar mota ce kawai ban san inda zan same ta ba, Mai Agogo ya ce zai kira ta ya faɗa mata. Kafin azahar layinmu duka ya san ni, yanzu in na wuce sai gaisuwa ta yi yawa.

Da na je ɗauko ta da rana, sai ta cire jakar ta miƙo min. Na riƙe ta kamar an ba ni jariri. Ta ce mai faffaɗan kunne ya yi kukan kaza sau ɗaya, sauran suka ce ya yi shiru.

Muna isa gida ta wanke hannu, ta zauna a kujerar ubanta, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba, ta ce in zauna. Na zauna. Ta ce ta yi tunani. Ƙaryar kaza ta yafe, domin ta yi daɗi, kuma ta san don kada ta ji tausayina na yi ta. Ta bakin titi ma ta yafe, domin tsoro na ji, ita ma wani lokaci tana jin tsoro in mutane sun yi yawa.

Sai ta ce, "Amma da Baba ya tambaye ki a nan, ba mutane. Mu kaɗai ne. Wa kika ji tsoro?"

Labarai sun zo min har uku, kowane da ƙafafunsa, na kore su. Na ce ban sani ba. Ta gyaɗa kai ta ce to wannan ba ta yafe ba tukuna, tana nan tana tunani, in ta gama za ta gaya min.

Yau da safe ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ina kwana. Sai ta ƙara da cewa ɗankwalina ya karkace. Na gyara. Ina nan ina jira, ba zan matsa mata ba, ke ma in kin kira kada ki sa baki.

Mijinki na gaishe ki. Ki kula da kanki, Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Mahaifiyarki mai jiran hukunci,
Inna